Irin Tabar Baba Tsoho

Tun da na dawo ba a bar ni na sha ruwa cikin kwanciyar hankali a ɗakin malamai ba. Wannan ya ce an gan ni a kan jaki, wancan ya ce jandarman Nijar sun ɗaure ni, malamin addininmu kuma ya rage sakin fuska tun da ya ji cewa taba ce ta kai ni. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi kowa yana ƙara masa gishiri, shi ya sa za ni rubuta shi sau ɗaya, gwargwadon abin da na riƙe. Inda ban tabbata ba za ni ce ban tabbata ba. Amma kada wanda ya karanta shi yana jiran ya ga inda na nemi afuwa, don babu wurin.

Ga wanda bai san gidanmu ba, ni malamin tarihi ne a sakandare a nan Isa, shekarata ta biyu ke nan da gama jami'a. Mahaifina tela ne a kasuwa. Mahaifinsa, kakana Nomau, wanda muke kira Baba Tsoho, yana wani ɗan ƙauye kusa da Unguwar Lalle, a bakin gulbi. Da damina gero yake nomawa kamar kowa, amma abin da aka san shi da shi taba ce. In gulbi ya janye yakan dasa ta a fadama, ya shanya ganyen a inuwa, ya haɗa shi da kayan yaji yadda ubansa ya koya masa, masu lofe su zo daga Sabon Birni da Kurawa su saya. Sunan haɗin gagara-baƙo. Ni kafin tafiyar nan ban taɓa sa shi a baki ba. Tun ina ƙarami aka ɗauke ni zuwa makaranta, na girma ina ganin lofe kayan tsofaffi ne da ba su san illarsa ba.

Shekara biyu ke nan gulbi bai hau fadama ba. Bana gero ya bushe yana tsayin gwiwa. Baba Tsoho ya yafa irin tabarsa ya ƙone, ya yafa ragowar ya ƙone, har ya wayi gari ba shi da ƙwaya ɗaya. Mutanen ƙauyen suka fara kama hanyar kudu gida-gida. Mahaifina ma ya yanke shawarar rufe shago, don mai yunwa ba ya ɗinka riga. Ya yi magana da mai babbar mota da zai kwashi danginmu zuwa wajen ƙannensa a ƙasar Birnin Gwari bayan mako uku, ya aike ni in gaya wa tsohon ya shirya. Ni aka zaɓa saboda ni jika ne, akwai wasa tsakaninmu.

Na same shi a tsakiyar gulbin da ya ƙafe, cikin rami har ƙirji, yana watso yashi da ƙwarya.

"Ɗan boko," ya ce, bai ko ɗago ba, "kai anka aiko ka ɗauke ni kamar buhu?"

Na ce ba haka ba ne, shawara ce, kuma mai yiwuwa na ɗan lokaci ne, in damina ta gyaru a dawo.

"Wa kag gani ya dawo? An tashe mu daga Alkalawa da takobi, kai ka karantar da shi, kana cin albashi bisa kainai. Sau guda ya isa. Rana ba za ta tashe ni ba." Ya damƙo yashi ya miƙo min, na ji shi da danshi. "Ga ruwa. Ba su isa gero, ba su isa albasa, amma suna isa taba fangali ashirin. Taba kuwa ita ka sayen hatsi, don mai lofe ya gwammace shi kwana da yunwa da shi kwana ba hayaƙi. Iri na babu."

Na ce ai ana iya samun iri a kasuwa. Ya ce wancan na tabar sigari ne, ruwa-ruwa, in ka sa mata citta sai ta mutu a ƙarƙashinta. Irin gidanmu wuri ɗaya ya rage, wajen ƙanwarsa Tumba, wadda aka kai aure wani ƙauye bayan Bangi, cikin Nijar, tun kafin a haifi mahaifina.

Da na kai wa mahaifina wannan amsa bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ran da mota taz zo, in na ga kore cikin fangalinai, na bar shi. In babu, ko da ɗauri sai ya hau." Ya faɗi haka ne don ya san an rufe iyaka, ya kuma san ɗansa ba mai ƙetare doka ba ne. Ni ma haka na san kaina. Na nemi izinin kwana uku a makaranta na ce lalurar gida ce, wanda gaskiya ne, ko da yake ba dukan gaskiyar ba. Kuma in za ni faɗi abin da ke raina a lokacin, rabina yana fatan a mai da ni daga iyaka, in dawo in ce na yi ƙoƙari.

Daga Isa zuwa Sabon Birni a bayan a-kori-kura na tafi, tsakanin wata tsohuwa mai riƙe da turmi da wani Bafillace da ragowar awakinsa huɗu. Ya ce da shanu ya shigo shekarar, bai faɗi ko nawa ba, ni ma ban tambaya ba. A kasuwar Sabon Birni na tsaya sayen tsaraba wajen wata Bayarabiya mai garin rogo. Ta dubi zanen fuskar mutanen da ke layi ta ce, "Gobirawa bayina, yau ga ku kuna bin gari." Wani dattijo ya ce mata, "Haraji na kika biya, Iya, auna da kyau." Aka yi dariya, ta ƙara masa hannu ɗaya. Ita ce dariyar da na ji a kasuwar duk ranar.

Sai iyaka. Abin da na yi a can ne ya fi ba abokaina dariya, amma har yanzu ban ga aibinsa ba: na tafi ta ƙofa. Na kai wa masu tsaro katin aikina da wata wasiƙa da na rubuta da Turanci, mai bayanin dalilin tafiyata sakin layi uku. Babbansu ya karanta ta har ƙarshe, ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya karanta.

"Malam, an rufe iyaka."

"Ko don zumunci?"

"Takardar da aka aiko mana ba ta ce ban da zumunci ba." Ya mayar min da wasiƙata, ya ɗan juya haɓarsa wajen yamma, inda wasu jakuna ke tafiya a jere can nesa cikin gonaki. "Ni ƙofa aka ba ni in tsare. Daji ba ni aka ba ba."

Na fi sa'a guda ina zaune a gindin wata aduwa ina shawara da kaina. Abin da ya tashe ni tunanin tsohon ne cikin ramin nan har ƙirji. Na bi sawun jakunan.

Mai su sunansa Arzika, yana kai garin rogo arewa ya dawo da kanwa. Ya dube ni daga hula har takalmi ya ce in hau na baya, shi ne mai haƙuri. Mai haƙurin ya kayar da ni sau biyu. Na roƙi Arzika ya gaya min daidai lokacin da za mu ƙetare, don ina so in san inda na fara laifi. Muka yi ta tafiya cikin karan gero da bai yi kai ba. Da na gaji da jira na sake tambaya.

"Ai mun wuce tun ɗazu, lokacin da kaka gyaran takalmi," ya ce. "Gonar mutum guda ta. Shina shuka Ingilishi, shi yi noma Faranshi."

A Bangi muka kwana, a zauren mai masaukin Arzika. Na je da tunanin za ni ga baƙuwar ƙasa, sai na tarar da Gobiranci da ya fi namu kauri, da zanen fuska irin na kakannina. Bambancin ƙanana ne. Burodinsu dogo ne kamar kulki, kuma ba zaƙi. Shayi ba a kofi ɗaya ake gama shi ba kamar namu, sau uku ake zubawa a ɗan ƙaramin gilashi, in ka tashi bayan na farko ka yi rashin ladabi. Kowane namiji yana rataye da katin shaida, kardante suke ce masa, cikin fata kamar laya, abin da a wajenmu ba mai tambayarka. Abincin da aka kawo mana anza ce, 'ya'yan wani ɗan itacen daji da ake jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacin ya fita. Bai gama fita ba. Mai gidan ya ga fuskata, bai ba ni haƙuri ba. Ya ce, "Ci, Malam. Kakanninmu sun ci ta, ga mu." Na cinye.

Da hantsi Arzika ya raka ni har bakin ƙauyen, ya ce zai biyo ta nan in ya gama lodin kanwa. Aka nuna min gidan Inna Tumba. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun tafi neman abinci, haƙoranta ja wur da furen taba. Ban gama faɗin ko ni wane ne ba ta kama kunnena.

"Kunnen Nomau na wanga. To, mijin nawa, sai da yunwa taz zo kat tuna kana da mata?"

Na ajiye mata gari da sukari da ganyen shayi. Ta ce miji mai kawo garin rogo ai sakinsa ake yi, ta kuwa ɗauke ta ɓoye. Ta tambayi kowa da suna, har waɗanda suka mutu ban sani ba. Da muka natsa na gyara zama na gabatar da buƙatata yadda na tsara ta a hanya, na ce in da hali, in ba zai takura mata ba, ko kaɗan ne.

Nan take fuskarta ta rufe.

"Iri? Ba ni da irin badawa. Wanda ar rataye can ga rufin ɗaki, cikin ɗan gora, bayan tukunyar kanwa, an toshe shi da jan tsumma, ba na kowa ba na. Kada wanda yat taɓa min shi." Ta ɗauki tulu. "Ni za ni rijiya. Rijiyarmu da nisa, ga layi, ba ni dawowa sai la'asar. Ƙofag ga kuma ba ta da makulli."

Ta fita. Ni kuwa na ga an bar ni da amana a shekarar da ɓarayi suka yi yawa. Na jawo tabarma na zauna a bakin ƙofar, na kori wata akuya da ta so shiga, har na samo igiya na ɗaure ƙyauren. Da la'asar ta dawo, ta kwance igiyar, ta shiga ta ɗaga kai ta dubi rufi, ta fito ta dube ni.

"Kana nan?"

"Na tsare miki ɗaki, Inna."

"Allah shi yi ma albarka," ta ce. Ban taɓa jin an sa albarka da irin wannan murya ba.

Washegari na sake shiri. Na kawo mata hujjoji ɗaya bayan ɗaya: shekarun wanta, motar da ke zuwa, rijiyar da ya haƙa da hannunsa. Ta saurara tana tsince anza. Da na ga ba ta motsa ba sai na yi babban kuskure, na ce in saye ne ma za ni saya. Ta tofar da yawu gefe.

"Gidanku yanzu iri ka sayuwa? To ba da ni ba." Ta miƙe ta ce za ta daji ɗibar anza, sai magariba. Bayan ta tafi na lura goran ya sauko daga rufi, yana rataye a jikin ƙofa ta waje, daidai kafaɗata. Na ce a raina tsufa ne, ta sauko da shi ta manta, rana kuma za ta lalata shi. Na ɗauka da hannu biyu na mai da shi inda yake, bayan tukunyar kanwa.

Da ta dawo ta gan shi a can, ta ja ƙyaure ta bar ni a waje.

A rana ta uku a gidanta, izinina ya riga ya ƙare. Na lissafa kwanakin da suka rage kafin mota, na cire kwanakin komawa, na cire kwana goman da aka ce iri yana yi kafin ya tsiro, na ga in ban tashi ranar ba komai ya wuce. Na yanke cewa akwai tsohuwar gaba tsakaninta da wanta, wadda ba a gaya min ba. Ina ɗaure jakata, ita kuma ta fita wai duba mara lafiya, sai na ji an ce, "Kai, mai tsaron ƙofa. Taho."

Wani tsoho ne da ke zama a gindin gawo daura da gidan, kwana biyu ina gaishe shi yana amsawa da lofe a baki. Sunansa Cindo, ƙanen mijin Inna Tumba. Ya nuna min gefen buzunsa na zauna. Ya ƙwanƙwasa lofen a dutse, ɗan kaskon yumɓu ne baƙi da bututun kara, ya buɗe wani tandu ya fara cusa taba da babban yatsa. Baƙa ce, da ɗan danshi, ƙamshinta ya iso ni kafin ya rufe tandun.

"Gagara-baƙo na, haɗin Tumba. Na ƙarshe ke nan. Ka taɓa sha?"

Na ce a'a, kuma ba don raini ba, likitoci sun tabbatar cewa taba tana cutar da ƙirji.

"Likitoci sun ci abincin rana," ya ce. Ya ɗora garwashi da yatsunsa, ya ja sau biyu har ta kama, ya goge bakin karan ya miƙo min. "Ba ni magana kan taba da wanda bai san mi ta ba. Kada ka haɗiye. Riƙe ga baki, kamar kana jiran a ba ka izini."

Tunda an fi tambayata wannan fiye da komai, za ni faɗa dalla-dalla. Zuƙar farko ba ta da zafi ko kaɗan, har na yi mamaki. Zaƙi-zaƙi ne, kamar dabinon da ya faɗa wuta aka ciro shi. Na ɗauka shi ke nan. Sai kanumfari ya bazu a harshena ya kashe shi, na ji bakin kamar ba nawa ba. A bayansa citta ta taso, ita ba a harshe take cizo ba, can ƙasan maƙogwaro take zuwa ta zauna, ta aiko da zafi ta hanci. A nan na manta gargaɗin na haɗiye. Na ƙware, na yi tari har hawaye, hulata ta faɗi. Cindo ya ɗauke ta ya karkaɗe ya riƙe min, bai yi dariya ba.

"Wanga shi na gaisuwa. Koma."

Na koma, a hankali. Da yajin ya lafa sai na fara jin abin da ke ƙarƙashinsa: ɗan gishiri-gishiri na kanwa, da bauri kamar na kimba, sannan ita tabar kanta, mai nauyi, mai ɗaci mai garɗi, wadda duk yajin nan bai danne ta ba. Sai a lokacin na gane abin da Baba Tsoho yake nufi da tabar da ke mutuwa a ƙarƙashin citta. Da wutar ta kai tsakiya zaƙin ya tafi, hayaƙin ya yi kauri, ƙamshinsa ya koma irin na rumbun da aka buɗe bayan an daɗe. Mai yiwuwa yunwa ce ta sa na ji haka, ban tabbata ba. Abin da na tabbata shi ne kaina ya yi sakayau, yatsuna suka yi sanyi, cikina da ke ƙugi tun safe ya yi shiru. Na gane abin da tsofaffin ƙauyen nan suke ci da rana.

Cindo ya karɓi lofensa.

"Nomau bai gaya ma komi ba?"

"Game da me, Baba?"

"To ya ɗauka kai ɗan gida na." Ya ja hayaƙi. "Gidanku ba a ba da irin taba da hannu. Wanda anka ba, ba shi tsirowa. Ɗauka aka yi, mai shi na kallon wani wuri. Ita kanta ran da anka kawo ta, cikin zane ta ɓoyo shi, ubanta na duban bango. In tac ce ma ɗauki, ta ba ka ke nan, ta kashe shi da bakinta. Kwana biyu tsohuwa tana zaune cikin rana, shekaranjiya bakin rijiya da tulunta cike, jiya ga daji, tana jiran ka gama. Kai kuwa kana ɗaure ƙofa."

Na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ina ɗan aji ɗaya. Duk da haka na yi gardama, don halina ne. Na ce ƙwayar iri ba ta san hannun da ya ɗauke ta ba, ruwa da ƙasa ta sani. Na ce kuma ɗaukar abin da mai shi ya ce kada a taɓa, a iya sanina, sunansa ɗaya ne, ni kuwa ko allin makaranta ban taɓa kaiwa gida ba.

"To zauna da gaskiyarka," ya ce. "Kakanka shi hau mota."

Na tashi. Na nufi ɗakin Inna Tumba. Ya ce da bayana, "Rabi aka ɗiba. Kuma ɓarawo ba shi sallama."

Na shiga ɗakin, na sauko da goran, na zare jan tsumman. Irin taba ban taɓa ganin ƙanƙantarsa ba, kamar garin ƙasa ja-ja, in ka yi nishi da ƙarfi ya tashi. Ba ni da abin zubawa sai wasiƙar Turancin nan, na naɗe ta kamar ƙunshin yaji na juye rabi. Na mai da goran. Na tsaya a tsakar ɗakin ina duban gadonta na kara da tukwanenta uku, na san da wuya in sake ganinta, kuma ba damar in ce mata sai wata rana. Wannan ya fi satar wuya.

Na fita da sauri. Na kusa ƙarshen ƙauyen sai na ji muryarta daga bayan wani danga, ba da ƙarfi ba, kamar mai kiran kaza.

"Ɓarawo."

Na tsaya, ban waiwaya ba.

"Ɓarawon ga, in ya ga wani mai taurin kai bakin gulbi, shi ce mai ban mutu ba. Ni ma ba inda za ni."

Arzika na tarar a hanya da jakunansa cike da kanwa. Batun jandarma gaskiya ne an tsare ni, amma ba a ɗaure ni ba. Kusa da Bangi wani ya tare mu ya nemi kardante, ba ni da shi. Ya zazzage jakata ya samu ƙunshin, ya buɗe ya shinshina, ni kuwa ina roƙonsa ya juya wa iska baya.

"Mi na wanga?"

"Irin taba ne."

"Ina kas same shi?"

Ni ban iya ƙarya ba, ko na gwada ana ganewa. Na ce, "Sato shi na yi."

Ya dube ni, ya dubi Arzika. Ya ce shekararsa goma sha yana aikin nan bai taɓa ganin ɓarawon da ya amsa laifi kafin mari ba. Arzika ya matsa kusa da shi ya taɓa gefen kansa da yatsa, ya ce, "Ɗan boko na, ranka shi daɗe. Karatu yay yi mai yawa." Aka zaunar da ni a inuwa har azahar ta gota, sannan ya naɗe ƙunshin da kansa, da kyau, ya sa min a aljihu, ya ce wa Arzika ya kai ni gida kada in ɓata. Ban ji daɗin hanyar da aka bi aka sake ni ba, amma ban gyara masa ba.

Baba Tsoho na tarar ramin ya kai tsayin mutum biyu, ya yi masa kirinya da itace, ruwa yana taruwa a ƙasa kamar cikin ƙwarya. Ya karɓi ƙunshin bai buɗe ba.

"Ta ba ka?"

"A'a."

"Madalla."

Na ce me ya sa bai gaya min ba tun farko, da ban ɓata kwana biyu ba. Ya ce bai san akwai ɗan gidan nan da sai an gaya masa ba. Na isar da saƙon Inna Tumba kalma-kalma. Ya juya ya daɗe yana gyara igiyar guga wadda ba abin da ya same ta. Da yamma ya cuɗa irin da toka, ya yafa a fangali ɗaya, muka rufe da ciyawa, muka yayyafa ruwa da tsintsiya don kada ya kwashe shi.

Na koma makaranta na tarar da takardar tuhuma, na amsa ta da gaskiya, ban da batun iyaka.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan mota ta zo. Danginmu sun riga sun hau da tabarmi da tukwane, mahaifina ya gangaro gulbi shi kaɗai, ni ina bayansa. Baba Tsoho ya ɗage ciyawar. Daga tsaye ba ka ganin komai sai toka. Mahaifina ya durƙusa, ya sa tabaransa na ɗinki. Suna nan, ɗigo-ɗigo, kowanne da kunne biyu bai kai kan allura ba.

"Baba, wanga ba shi cika cikin kowa."

"Ba cika ciki kac ce ba. Kai tela na, ka san launi. Wane launi na?"

Mahaifina ya daɗe a durƙushe. Direba yana ta danna oda daga can sama.

"Kore na," ya ce.

Ya hau gangaren, ya sa aka sauko da rabin buhun dawa daga guzurinsu, ya ɗauko a kafaɗa ya dire a ƙofar ɗakin ubansa. Ya durƙusa ya nemi gafara, tsohon ya dafa kansa. Da zai wuce ni ya tsaya ya ce, ba da fushi ba, "Kai kaj jawo. In wani abu yas same shi nan, kai za a tambaya." Na ce na ji.

Gida huɗu suka rage a ƙauyen. An dasa fangali goma sha shida, ba ashirin ba, biyu kuma fara ta cinye. Gwaggona ta aiko daga kudu cewa na ɗaure tsoho a bakin kabari saboda hayaƙi. Malamin addininmu ya ce na haɗa makaruhi da haram a tafiya ɗaya. Ba ni da ilmin da za ni yi jayayya da shi, kuma ba za ni ce na tabbata ganyen zai kai yanka ba, ko damina mai zuwa za ta fi wadda ta wuce. Yana yiwuwa su ne da gaskiya. Amma su ba su ga fuskarsa ba lokacin da motar ta ɓace ya juya ya ɗauki guga, ni na gani, kuma da za a mai da ni bakin ƙofar Inna Tumba, ranar farko za ni ɗiba.

Duk Juma'a bayan an tashi nake zuwa in kwana biyu ina jan ruwa. Tafin hannuna ya daina riƙe alli da kyau. Wannan makon mun tarar rijiyar ta sauka kamu ɗaya. Mun ƙara haƙa biyu.